Gona Ɗaya, Baki Arba'in

Hantsi ya ɗaga a gidan Baba Gajere da ke Tudun Kalla, wani ƙauye a gindin dutse tsakanin Deule da Buza, amma har lokacin ba a ɗora tukunya ba. Inna Fatsima, uwar gidan, ta fito daga rumbu da ƙwarya a hannu, ta tsaya tana duban yaran da suka yi cirko-cirko a tsakar gida. Duka jikokinta ne. 'Ya'yanta maza shida, kowa da matarsa da 'ya'yansa, gida ɗaya suke zaune, gona ɗaya suke nomawa. In aka haɗa manya da yara, mutum arba'in ne ke jiran abin da ke cikin ƙwaryar nan.

"Tiya ukku ta yau," in ji Inna. "A dama hura da ruwa-ruwa. Wanda bai ƙoshi ba shi sha ruwa shi ƙara."

Hamsatu, matar ɗanta na huɗu, ta karɓi ƙwaryar. Ba yunwa ce kaɗai ke damunta ba. Kwana goma ke nan tana jiran jinin wata bai zo ba, ga goyon wata tara a bayanta, Mariyatu, wadda ta daina ko kukan kirki. Shekararta ashirin da huɗu, haihuwarta huɗu cikin shekara shida. A haihuwar Mariyatu jini ya ɓalle mata har aka fara salati a kanta, mata suka rufe ta da zane suna zaton ta cika. Tun daga ranar, in ta ji an ce wance ta fara naƙuda sai ta tuna da nata.

Tana cikin daka sai ga mijinta Aƙilu ya shigo da hauya a kafaɗa. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane da magana. Auren so suka yi. A kasuwar Buza ya fara ganinta tana sayar da ƙuli-ƙuli, ya yi ta zarya sati-sati yana saye har abokansa suka sa masa suna Sarkin Ƙuli. Har yanzu in ta ɓata fuska ba ya iya haɗiye abinci.

Ya kira ta ɗaki. "Hamsa, mi ya faru?"

Ta sauke yarinyar ta kwantar, ta durƙusa, hawaye ya zubo mata. "Baban Mariyatu, ina jin na yi kwanika, ciki a kan goyo. Kwana goma ban ga komi ba. Wallahi in ciki ne mutuwa zan yi. Na sani a jikina, wannan karon ba zan tashi ba!"

"Subhanallahi! Daina faɗin haka!"

"Dubi ɗiyar nan. Dubi hannunta. Nonona ya ƙafe, ita ba ta ƙoshi ba, ni ban ƙoshi ba, kuma wani na tafe?"

Aƙilu ya ɗaga hannun Mariyatu, ya ji shi kamar tsinke. Gashin kanta ya yi ja ya yi laushi, idonta a buɗe amma ba ta bin kowa da kallo. Ya fita ya aro moto, wato babur, wajen maƙwabci, ya ce wa Inna za su kai yarinya likita.

A likitar Buza, ƙaramin asibitin garin, suka sami Madam Ni'ima, ungozoma, Kirista ce da ta yi karatun aikinta a asibitin mishan, mace mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Ta ɗaura wa Mariyatu wani ɗan zare mai launi a damtse, ya tsaya a kan ja.

"Tamowa ce, kuma ta yi nisa. Da kun ƙara sati biyu, ban san abin da zan ce muku ba."

Sannan ta auna Hamsatu. Minti goman da suka yi suna jira, Hamsatu ta riƙe bakin benci har yatsunta suka yi fari. Aƙilu yana tsaye a bakin ƙofa, leɓɓansa na motsi da addu'a.

"Ba ciki ba ne," in ji Madam Ni'ima. "Yunwa ce da ƙarancin jini suka tsayar miki da shi."

Hamsatu ta fashe da kuka, ita kanta ba ta san na murna ba ne ko na tsoro.

"To, ku saurare ni duka biyu. Yau kun tsira. Amma jikin nan ya gaji. In ta ɗauki ciki cikin shekara ukun nan, ina tsoron a rasa ta a rasa ɗan. Akwai allurar hutu, duk wata uku. Ba ta hana haihuwa har abada, ranar da kuka bari ciki zai zo in Allah ya so. Sai dai ba na yi wa mace ba da yardarta ba, kuma na fi so mijinta ya ji da kunnensa."

Hamsatu ta dubi mijinta. Ta san gidan da suka fito.

Aƙilu ya ce, "Tun bara na tambayi Malam Abdulhamid, limaminmu. Ya ce in don lafiyar uwa da ɗa ne, kuma miji da mata sun yarda, babu laifi. Tsoron Inna ne ya hana ni magana. Madam, yi mata."

Aka yi mata, aka rubuta ranar dawowa a cikin karne, ɗan littafin nan na likita, aka ba Mariyatu abincin masu tamowa. A hanyar komawa Hamsatu ta ɗora kanta a bayansa, ta ce a hankali, "In Inna ta sani fa?"

"Ba za ta sani ba."

Da ya faɗa, shi ma bai yarda da maganar ba.

Wata biyu bayan haka Baba Gajere ya tara 'ya'yansa a zaure. Tsufa ya kama shi, gwiwa ta ƙi, ya ce ba zai iya riƙe gandu ba kuma.

"Gonar ga," in ji shi, "zamanin ubana rumbu ukku take cikawa, har a kai wa maƙwabta. Da ya rasu munka raba ta mu biyar. Abin da ya faɗo mini shi ne kuke ci. Baɗi in Allah ya kai mu zan raba muku. Amma ba daidai zan raba ba. Mai ɗiya da yawa shi ɗauki da yawa, mai kaɗan shi ɗauki kaɗan."

Tsohon adalci ya nufa. Amma daga ranar gidan ya zama kamar ana tsere. Kowace mace aka fara duban cikinta. Umar, babban ɗa, yana da bakwai, matarsa Rukaiya na ɗauke da na takwas, sai ya riƙa tafiya yana buɗa kafaɗa. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa gonar ba ta ƙara ko taki ɗaya ba, yankan ne kawai zai bambanta.

Shekara ta zagayo. Facalolin Hamsatu uku suka haihu, ita shiru. Mariyatu ta tashi ta fara gudu, ita kanta Hamsatu kumatunta ya ciko. Inna Fatsima ta fara da jiƙe-jiƙe, ta kawo mata saiwa, ta kawo rubutu. Hamsatu ta karɓa ta ce ta gode. Duk sanda Inna ta ƙura mata ido sai ta ji kamar an leƙa cikin zuciyarta. Ranar allura kuwa ƙarya take yi, ta ce za ta kasuwa ko gaida gyatumarta, ta tafi tana waiwaye, ta dawo tana waiwaye.

Ranar wata Laraba da la'asar ta dawo daga rijiya, ta sami tsakar gida cike, ba mai magana. Inna na zaune a kan turmi da karne a hannu. Ta shiga ɗakin neman allurar ɗinki ne ta gan shi a ƙarƙashin tabarma. Ba ta iya karatu ba, sai ta kai wa Umar, wanda ya yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, ya karanta mata tas.

Tulun da ke kan Hamsatu ya suɓuce ya fashe.

"Zo nan, munahuka!" Inna ta daka mata tsawa. "Ina ta wahala ina biɗo miki magani, ashe ke kina can kina kashe mini jikoki!"

"Inna, don Allah ki saurare ni..."

"Mi zan saurara? Wa ya aike ki? Ke ce za ki ƙayyade wa Allah?"

"Madam ce ta ce in na sake ɗauka zan mutu, Inna. Kin ga abin da ya faru a haihuwar Mariyatu, da hannunki kika rufe ni da zane!"

"To kin mutu? Ba ga ki tsaye ba? Ni goma sha ɗaya na haifa a ɗakin can, ban san ƙofar likita ba!"

Aƙilu ya shigo da gudu, ya tsaya tsakanin uwarsa da matarsa. "Inna, ni na kai ta. Ni na ce a yi mata. In da laifi nawa ne."

Sai gidan ya kaure. Umar ya ce, "Ka ji ko, Baba? Mace ta shanye shi." Baba Gajere ya fito yana dogara sanda. Mutum ne da bai cika faɗa ba, shi ya sa da ya buɗe baki kowa ya yi tsit.

"Aƙilu, Allah ne ke ciyar da mutum, ba gona ba. Wanda ya ƙi haihuwa don tsoron yunwa ya raina Mai bayarwa. Na ba ka kwana ukku. Ko ta bar allurar ga, ko ka sallame ta, ko kuwa ku fice mini daga gida. In ka zaɓi fita, ba ka da ko taki ɗaya a gandu. Faƙon can na kan tudu, shi ne naka."

Faƙon kan tudu wuri ne da ko akuya ba ta tsayawa. Ƙasa ce mai tauri kamar daɓe, da tsakuwa, ruwan sama in ya sauka gangarewa yake yi. Tun kakanni ba wanda ya taɓa shuka a kansa.

Kwana ukun nan Hamsatu ba ta ci abin kirki ba. In ta rufe ido ta ga kanta a shimfiɗe an lulluɓe ta, in ta buɗe ta ga 'ya'yanta huɗu a kan tudu ba abinci. Rana ta uku da safe ta sami mijinta zaune bayan rumbu ya haɗa kai da gwiwa.

"Baban Mariyatu, zan bar allurar."

Ya ɗago da sauri. "Mi kika ce?"

"Ba zan raba ka da iyayenka ba. Ba zan sa yaran nan su mutu da yunwa saboda ni ba. In na ɗauka na rayu, shi ke nan. In na mutu, ka riƙe mini su da kyau, kada ka bari a raba su gida-gida."

Da gaske take. Aƙilu ya kama hannuwanta biyu, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Hamsa, kin san abin da na gani ran nan? Ina tsaye bayan danga na ji mata sun ɗauki salati. Na ce ya Allah, in ka maido mini ita, ba zan sake wasa da ranta ba. Ya maido ki. Yanzu in sayar da ke da yankin gona? Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji, ban san abin da za mu ci ba. Amma tashi ki ɗaure kaya."

Ya je ya durƙusa gaban ubansa. "Baba, ban raina ka ba, kuma ban raina Allah ba. Amanar da ya ba ni nake tsoron in kashe da hannuna. Ka yafe mini." Tsohon ya kau da kai. Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Da suka fito da kayansu a kan amalanken jaki, Rukaiya ce kaɗai ta biyo su bakin ƙofa, ta cusa wa Hamsatu ƙullin gari a cikin zane.

Bukka suka kafa a kan tudun. Ranin nan sun ga tashin hankali. Samarin ƙauyen duk sun tafi biɗa, wasu Abijan wasu Libiya, amma Aƙilu ya kasa tafiya ya bar ta ita kaɗai da yara. Ya riƙa zuwa aikin albasa a lambunan Madawa, ya yi kwana biyar ya dawo da 'yar tiya. In ta ƙare Hamsatu ta shiga daji ta tsinko anza, ta jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗaci kafin a dafa. Akwai ranar da babban ɗansu ya dube ta ya ce, "Inna, gobe ma za mu ci?" Ta ce za su ci, ta zagaya bayan bukka ta toshe bakinta da zane don kada su ji kukanta. A rijiya mata na ganinta sai su fara zunɗe. "Ga wadda ta fi son jikinta da ɗiya."

A wani zuwa Madawa ne Aƙilu ya haɗu da wani dattijo mutumin Keita, ya ba shi labarin faƙon. Dattijon ya yi dariya. "Mu a wajenmu irin wannan muka tayar. Tassa za ka yi. Ka haƙa ramuka tun da rani, ka zuba taki a kowane, ka jera duwatsu a gangare su tare ruwa. Aiki ne na fitar rai, amma ƙasar ba ta mutu ba, barci take."

Suka kama. Shi yana sara da diga, ita tana kwashe ƙasa, tana bin makiyaya tana tsintar kashin shanu. Tafin hannunsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da a ce tana da ciki ko jariri a baya, da ba ta iya ko rabin aikin ba, su biyun duk sun san haka. Damina ta farko suka sami dami goma sha biyu. Bai kai su shekara ba, amma a wurin da ba a taɓa yankar zangarniya ɗaya ba, har mutane suka riƙa hawowa kallo. Rani na biyu suka ninka ramukan.

A can gida kuwa an raba gandu. Kowa ya sami ɗan siririn yanki kamar zane. Umar mai 'ya'ya takwas shi ya ɗauki mafi faɗi, amma hatsinsa wata huɗu ya yi ya ƙare. Ya sayar da akuyoyin Rukaiya ya hau mota zuwa Abijan, ya bar ta da goyo a baya da ciki na tara a gaba.

Ranar wata Asabar cikin watan Agusta aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen azahar ya ɗan tsagaita. Hamsatu na gyara bakin bukka sai ta hango wata tsohuwa na hawowa tudu, ba kallabi, ba takalmi, tana faɗuwa tana tashi. Sai da ta matso ta gane Inna Fatsima ce. Shekara biyu ba ta tako wurin ba.

"Aƙilu! Aƙilu! Ku taimake ni! Rukaiya... jini... tun safe jini, ya ƙi tsayawa!"

Suka gangara da gudu. A ɗakin Rukaiya tabarma ta jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun yi fari fat, 'ya'yanta takwas sun taru a bakin ƙofa, ƙananan na kuka, manyan sun yi zuru. Hamsatu ta tsaya cak. Abin da take gani a mafarki ne a gabanta, sai dai fuskar ba tata ba ce. Ta ji kamar ta juya ta gudu.

"Hamsatu..." Rukaiya ta miƙo hannu. "Yarana..."

Wannan ya dawo da ita. "Ba inda za ki, Yaya Rukaiya! Baban Mariyatu, ɗaura jaki!"

Maza duk suna wajen biɗa, daga Aƙilu sai tsofaffi. Suka kwantar da ita a amalanke, Inna ta riƙe kanta, Hamsatu ta kira Madam Ni'ima da salula. Madam ta ce ambilans ba za ta iya ƙetare korama ba, su yi ƙoƙari su kawo ta bakin hanya.

Da suka iso koramar, ta ciko tana ruri, jan ruwa na tafe da rassan itace. Jakin ya toge. Inna ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Shi ke nan, ta mutu a hannuna!"

Aƙilu ya duba sama da ƙasa, ya tuɓe riga. "Ku ɗora mini ita a baya, ku ɗaure da zane."

"Ruwan zai tafi da ku!" Hamsatu ta riƙe shi.

"In muka jira ya janye, gawa za mu mayar."

Ya shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya ƙafarsa ta zame, suka nutse har wuya, Hamsatu ta ƙwalla ƙara. Ya yunƙura ya miƙe, wani reshe ya doke shi a haƙarƙari, ya tangaɗa, ya ci gaba taki ɗaya-ɗaya har ya dafa gaɓar can. Hamsatu ba ta san sanda ta kama hannun Inna suka bi ta inda ya bi ba, tsohuwar na salati da ƙarfi, ruwan na fizgar zannuwansu.

A bakin hanya suka tarar da ambilans na jiransu. Daga Buza Madam Ni'ima ta shiga motar da kanta aka wuce da su babban asibiti. Aka shiga da Rukaiya ɗakin aiki. Jaririn bai zo da rai ba. Can likita ya fito ya ce an tsayar da jinin, amma wanda ya rage a jikinta ba zai riƙe ta ba, sai an ƙara mata yanzu-yanzu, kuma irin nata ya ƙare a wurinsu.

Aka gwada Aƙilu, nasa bai dace ba. Inna ta miƙa hannu tana kuka, "Ku ɗebi nawa duka!" aka ce ta tsufa. Wata facalarsu da ta biyo su a moto bayan ruwa ya janye, nata ya dace, amma da aka auna, ita kanta ba ta da isasshe, goyo ne da ita.

"Ku gwada ni," in ji Hamsatu.

Aka gwada. Madam Ni'ima ta dubi takardar, ta dubi Inna Fatsima.

"Ya dace, kuma jininta ya cika. Inna, shekara uku da suka wuce yarinyar nan ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. Hutun da ta samu ne ya sa yau take da abin bayarwa."

Hamsatu ta kwanta aka soka mata allura. Tana tsoron jini tun ranar da nata ya zuba, sai ta kau da kai, Aƙilu ya tsaya ta wajen da take kallo ya riƙe yatsunta. Bayan sallar magariba Rukaiya ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Washegari da safe Hamsatu ta fito ta sami Inna zaune a ƙasa gindin bango. Ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta nuna mata wuri kusa da ita.

"Ran nan na ce miki goma sha ɗaya na haifa," in ji Inna. "Ban hwaɗa miki nawa na bizne ba. Biyar. Ukku a kan kwanika sunka tahi, ina ji ina gani, nono ya lalace, ba abin ba su. Na ce haka Allah ya so, na shanye. Da na ga kin sami hanyar da ni ban samu ba, sai na ji kamar kina cewa ni na kashe nawa. Shi ya sa na tsane ki, ɗiyata. Jiya da na ga yaran can takwas a bakin ƙofa, na ce in uwarsu ta tahi wa zai riƙe su? Da mi?" Ta kama ƙafar Hamsatu. "Ki yafe mini."

"Haba Inna! Don Allah ki daina, ke uwata ce!" Hamsatu ta janye ƙafarta ta rungume ta, suka yi ta kuka har masu jinya suka taru.

Da kaka ta yi, Baba Gajere ya sa aka ɗora shi a kan jaki aka hau da shi tudu. Ya zagaya gonar a hankali, yana taɓa zangarniya, yana leƙa ramukan. Jikokinsa huɗu suka rugo suka kewaye shi, biyu da kayan lakwal a jikinsu. Ya zauna a inuwar bukka ya daɗe yana kallonsu.

"Aƙilu, na ce Allah ne ke ciyarwa, kuma har gobe haka ne. Amma na manta shi ne ya ba mu hankalin auna abin da za mu iya ɗauka. Na sa ku tsere a kan gonar da ba ta girma, na kusa kashe matar wanka. Ku dawo gida, in sake rabo."

Aƙilu ya sunkuyar da kai. "Baba, albarkarka muke so. Rabona a bar wa yaran Yaya Umar, sun fi mu bukata. Sai dai ka ce wa ƙannena su zo da rani in nuna musu tassa, faƙon nan da saura."

Tsohon ya share ido da bakin rawani, ya sa musu albarka har muryarsa ta dishe.

Umar ya dawo daga Abijan ya ji abin da ya faru, ya hau tudu ya tsaya gaban ƙanensa, ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Shi da kansa ya mayar da Rukaiya wajen Madam Ni'ima aka yi mata allurar hutu.

Sai da Mariyatu ta shekara biyar sannan Hamsatu ta ce wa mijinta ta shirya sake haihuwa. Ta yi awo wata-wata, ta haihu a likita, namiji, lafiya lau. Tsoron bai bar ta ba sai da ta ji kukansa. Ranar suna Inna Fatsima ce ta yi ta kai da kawo, tana korar duk wanda ya ce mai jego ta tashi.

'Ya'ya kyauta ce daga Allah, ba mai musun wannan. Amma kowane ɗa amana ne, yana da hakkin nono, da abinci, da karatu, da uwa mai rai. Gidan da baki ke ƙaruwa kowace shekara alhali gona na nan yadda take, talauci zai shigo shi ko ana so ko ba a so, kuma mata da ƙananan yara zai fara kamawa. Aƙilu da Hamsatu ba su ƙi haihuwa ba, ba su kuma zagi iyaye ba. Sun ji tsoro, sun yi haƙuri, sun tsaya wa juna, har waɗanda suka kore su suka zo suna sa musu albarka.

Da baƙi suka watse ranar sunan, Aƙilu ya leƙo ɗaki ya same ta tana shayarwa.

"Hamsa, Inna ta aiko ni da saƙo."

Gabanta ya ɗan faɗi. "Mi ta ce?"

"Ta ce in gaya miki, in kika kuskura kika yi wa yaron nan ƙane kafin ya shekara uku, ita da ke ne."

Hamsatu ta yi dariya har jaririn ya saki nono.